Yadda jiki ke sarrafa tiramadol da kodin kafin ya fitar da su

Lafawar ƙarfin maganin kashe zafi daban take da fitarsa daga jiki. Rashin sanin wannan bambanci ne ke jefa masu shan tiramadol da kodin, waɗanda dangin mofin ne, cikin hatsari. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa aka gudanar a Najeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 na shan irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba.

Idan aka haɗiye ƙwaya, hanji ne ke tsotse ta zuwa jini, jinin kuma ya bi da ita ta hanta. A nan ake yin babban aikin. Kodin shi kaɗai ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, sai wani sinadarin hanta mai suna CYP2D6 ya mayar da kusan kashi 10 cikin 100 nasa zuwa mofin. Shi ne kuma ke juya tiramadol zuwa wani nau'i mafi ƙarfi.

Kuzarin wannan sinadari gadonsa ake yi. Hantar wani tana jan ƙafa, ya sha maganin amma ciwon na nan. Ta wani kuwa tana gaggawa, har adadin da likita ya rubuta ma kan iya raunana masa numfashi, kuma ba a gane mai irin wannan hanta da ido. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 magungunan biyu a 2017, ta kuma gargaɗi mata masu shayarwa.

Bayan hanta, ƙoda ce ke tace ragowar ta zubar ta fitsari, amma sannu a hankali. Tiramadol na ɗaukar kimanin awa 6 kafin rabinsa ya bar jini, sai bayan wajen awa 30 yake kusan ƙarewa. Wanda ya sha ƙwayar bayan fage mai miligiram 225 da asuba, ya ƙara wata da azahar don ya ji ƙarfi ya ragu, ya ɗora ta ne a kan kusan rabin ta farko. Ya kuma zarce miligiram 400, iyakar da likitoci suka gindaya a yini, kuma jijjiga irin ta farfaɗiya kan iya biyo baya. Ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda ko hanta, maganin ya fi daɗewa, don haka ya fi saurin taruwa. Haɗa shi da barasa ko maganin barci na ƙara danne numfashi.

Ɗirka wa mutum ruwa, madara ko manja ba ya hanzarta aikin hanta, yana ma iya shaƙe wanda ya fita hayyacinsa. A asibiti akwai allurar naloxone da ke dawo da numfashi, sai dai aikinta kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, alhali maganin na nan a jini. Shi ya sa ake riƙe majinyaci a ci gaba da lura da shi ko da ya farfaɗo.