Eko ba na masu ciki kaɗai ba ne, yana ganin tabon zuciya

Mu nan Gaffati, in aka ce eko, awon ciki ne ke faɗo mana a rai. To, na'urar nan tana duba zuciya ma. Lokotoro zai shafa wani mai a ƙirji, ya ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari. Wani sauti da kunne ba ya ji ya shiga ya dawo, sai ga hoton zuciya tana bugawa. Ba allura, ba yanka.

In jijiyar da ke ba zuciya jini ta toshe, naman wurin yakan mutu ya bar tabo. A hoto sai a ga wurin ya sirance, ya yi fari, sauran nama na matsewa shi ko motsi. Tabo ba ya komawa nama. Magani yana kare abin da ya rage ne.

Amma ba kowace zuciya mai rauni ke da tabo ba, kuma nan ne zancen ya shafi matanmu. Wata mai jego zuciyarta kan buɗe ta yi sanyi, ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara in ta kwanta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta wannan da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi. Irin wannan zuciyar, in an gano da wuri, sau da yawa tana farfaɗowa da magani.

Saboda haka kumburin mai jego kada mu ce ƙibar jego ce. A kai ta asibitin gari, a nemi takardar zuwa babban asibitin Damagaram.