Ramukan Kuza na Jos: Yadda Ake Farfaɗo da Ƙasar da Aka Haƙe

Duk wanda ya bi hanyar Bukuru zuwa Barikin Ladi zai ga tudun jar ƙasa jere da juna, da manyan tafkuna a gindinsu. Waɗannan duka tabon haƙar kuza ne. Kamfanonin Turawa sun soma aikin a tsaunukan Jos tun farkon ƙarni na 20, aka yi ta yi har kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985. An ƙiyasta cewa ƙasar da aikin ya lalata ta haura murabba'in kilomita 300.

A lokacin haƙar ba a ware ƙasar sama ba, wato wadda ke ɗauke da taki da irin tsirrai da ƙananan halittu irin su tana. An binne ta ƙarƙashin yumɓu da tsakuwa. Dokar ma'adinai ta 1946 ta wajabta gyaran wuraren da aka haƙe, amma kaɗan ne aka gyara. Kafin irin wannan ƙasa ta sake amfani, sai an kula da abubuwa uku bi da bi.

Magudanar ruwa

Abu na farko shi ne hanyar ruwa. Jos na samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Afrilu da Oktoba. Idan ya sauka a kan tudun da ba ciyawa, sai ya gangaro da ƙarfi, ya yanka kwazazzabai, ya kwashe laka zuwa rafuka da gonaki. Saboda haka akan rage tsayin tudun, a yi kunyoyi a gicciye, sannan a tona magudanai a shimfiɗa musu duwatsu. Manufar ita ce ruwan ya yi tafiya a hankali, ya sami damar nutsewa. Wanda ya dasa itace kafin ya yi wannan, damina ɗaya ta isa ta tone masa saiwoyi.

Tafkuna

Abu na biyu shi ne tafkunan. Da yawansu suna da zurfi, bakinsu kuma a tsaye yake, yana zabtarewa, shi ya sa mutane da dabbobi kan halaka a ciki. Ruwan da ke kwance kuma matattara ce ta sauro da katantanwar da ke yaɗa cutar tsargiya. Duk da haka cike su ba shi ne kullum mafita ba, domin da ruwansu manoman rani ke shayar da tumatir da kabeji da karas da latas. Abin da ya dace shi ne a kwantar da bakin tafki, a yi masa mafitar ambaliya, a bar ciyawa ta kewaye shi domin ta tace laka, a kuma gwada ruwan kafin a zuba kifi irin su karfasa da tarwaɗa.

Mayar da tsirrai

Abu na uku shi ne shuka, kuma a nan ne Jos ta ba da darasi. Hukumomi sun dasa itatuwan turare a wuraren da aka baje, domin suna saurin girma, suna kuma ba da itacen gini da na girki. Amma binciken da masanan Jami'ar Durham ta Ingila da Jami'ar Jos suka yi a shekarun 1980 ya nuna cewa ƙasar da ke ƙarƙashinsu ba ta inganta ba, sai ma tsami da ta ƙara. Inda gawo ya tsiro kuwa, ƙasar ta fi kyau, domin ƙwayoyin bakteriyar da ke saiwoyinsa suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, ganyensa kuma yana zama taki. Haka nan ƙananan manoma, da takin dabbobi da tokar juji, sun mai da wasu wuraren lambuna masu albarka.

Ke nan ganin kore daga nesa ba ya nuna ƙasa ta warke. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da ciyayi masu riƙe ƙasa, kamar jema da gamba, a bi su da taki da itatuwa irin su gawo, a kuma kare wurin daga gobarar daji da yawan kiwo.

Malamai na iya nuna wa ɗalibai wannan a aikace. A ɗebo ƙasa daga ƙarƙashin turare da kuma ƙarƙashin gawo, a zuba a gwangwanaye dabam-dabam, a shuka masara, a riƙa ba su ruwa daidai wa daida, sannan a auna tsawon tsiron bayan mako huɗu.