Daga Tiga Zuwa Falgore: Yadda Ake Tsara Tauraron Ɗan'adam

Kafin a taɓa ƙarfe ko waya, abin da ake fara koya wa ɗalibin ilmin ƙera kumbo shi ne ya tambayi kansa: me ake so tauraron ya gano? Amsar ita ce ke yanke nauyinsa, da irin kyamararsa, da hanyar da zai bi a sararin samaniya.

Alal misali, a ɗauki kudancin Jihar Kano. Manoman rani na Kadawa da Kura sun dogara da madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974, don haka sanin yadda ruwanta ke ja da baya ba ƙaramin al'amari ba ne. Ga kuma dajin Falgore a yankin Tudun Wada da Doguwa, wanda masu saran itace ke ci ta gefe-gefe. Duka biyun ana iya sa musu ido da wani haske da ke gaba da ja, wanda idon mutum ba ya gani. Ruwa yana shanye shi, shi kuwa ɗanyen ganye yana mayar da shi. A hoto sai tafki ya fito baƙi ƙirin, daji kuma ya yi haske.

Daga nan sai ciniki ya tashi. NigeriaSat-1, wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera aka harba daga Rasha ran 27 ga Satumba, 2003, ya kasance yana ɗaukar faɗin kilomita 600 a tashi ɗaya, amma kowane ɗigo a hotonsa mita 32 ne a ƙasa, wato kimanin kashi ɗaya cikin goma na hekta. Wannan ya isa a auna Tiga, amma 'yar gonar masara a Kiru ba za ta wuce 'yan ɗigogi ba. NigeriaSat-2 na 2011 yana rarrabe abu mai mita 2.5, sai dai faɗin ganinsa a hakan bai fi kilomita 20 ba. Ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. A rana ɗaya da shi aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a Surrey.

Irin waɗannan taurari suna shawagi a nisan kilomita 700 ko kusa da haka, suna kewaya duniya ta kusa da ƙuryar arewa da ta kudu cikin minti 98 zuwa 99. Ana saita hanyarsu yadda kullum da hantsi za su gitta, don inuwar bara ta yi daidai da ta bana. Gajimaren damina da hazon hunturu kuwa, babu yadda kyamara za ta yi da su.

Inda masu tsari suka fi shan wuya shi ne lantarki, domin kusan sulusin kowane zagaye tauraron yana cikin inuwar duniya, batur ne ke riƙe da shi. Hasali ma, matsalar faifan hasken rana ce ta kashe tauraron sadarwa NigComSat-1 a Nuwamba 2008, wata 18 kacal bayan harba shi.

Ɗalibai kan fara da ƙaramin abu. NigeriaEduSat-1, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta yi tare da hukumar NASRDA da wata jami'ar Japan, akwati ne mai santimita 10 ta kowane gefe. An sake shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2017, a nisan kilomita 400, inda sauran iska ta yi ta rage masa gudu har ya faɗo ya ƙone a 2019.