Amosanin Jini da Ruwan Jiki

Cutar da Hausawa ke kira amosanin jini, ko sikila, ba ɗaukarta ake yi ba, gadonta ake yi. Sunan sikila ya fito ne daga kalmar Ingilishi mai ma'anar lauje. A asibitocin Nijar kuwa ana ce mata drépanocytose, wadda ita ma tushenta kalmar Girkanci ce ta lauje. Dalili shi ne jajayen ƙwayoyin jinin mai cutar kan lanƙwashe kamar lauje, abin da wani likita mai suna James Herrick ya bayyana a Chicago a 1910.

A cikin kowace jar ƙwayar jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, shi ne ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Kowane mutum yana gadon umarnin ƙera wannan sinadari sau biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Na lafiya ana kiransa A, mai matsalar kuma S. Wanda ya gaji A da S, wato AS, galibi lafiyarsa lau. Wanda ya gaji S daga ɓangarorin biyu, wato SS, shi ne mai cutar. Idan miji da mata dukansu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. A nan mutane da yawa ke kuskure, su ɗauka in an haifi ɗa ɗaya mai cutar, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ba haka ba ne: kowane ciki da nasa lissafin, kuma ana iya samun ƴaƴa uku a jere duka SS.

Wajen mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da S. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa S ya yawaita a ƙasashen da sauro ya addaba.

Lafiyayyar ƙwayar jini tana da laushi, tana ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala, kuma takan yi kwana 120. Mai siffar lauje tana da tauri da danƙo, ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Daga nan ƙarancin jini ke tasowa, da rawayar ido. In kuma irin waɗannan ƙwayoyin suka toshe jijiya, sai ciwon ƙashi mai tsanani ya taso.

Abin da ba a cika sani ba shi ne alaƙar cutar da ruwan jiki. Aikin ƙoda ne ta tsimi ruwa: idan mutum ya ji ƙishirwa, ƙodarsa kan mayar da ruwa cikin jini, fitsari ya ragu ya yi kauri. To, can tsakiyar ƙoda wuri ne mai ƙarancin oksijin da yawan gishiri, wato daidai yanayin da ke lanƙwasa ƙwayoyin S. Tun ƙuruciya jijiyoyin wurin ke lalacewa, sai ƙodar ta kasa tsimi. Yaron zai yi ta fitsari mai yawa ko da jikinsa na bukatar ruwan. Jini ya yi kauri, ƙwayoyi su ƙara lanƙwashewa, ciwo ya tashi. Saboda haka bazara a Damagaram ko Sakkwato, lokacin da zafi kan haura digiri 40, tana da haɗari gare shi, haka ma gudawa da amai da zazzaɓi. Sanyin hunturu shi ma yana tayar da ciwon, don yana tsuke jijiyoyi.

Yawan fitsarin ne kan sa yara masu sikila fitsarin kwance har sun girma. Wasu iyayen sukan hana su shan ruwa da dare don maganin abin, alhali wannan yana iya jawo ciwon da ya fi jiƙa tabarma muni. Likitoci kan ba da shawarar a bar yaron ya sha ruwa sosai, a tashe shi cikin dare ya kewaya. Akwai kuma maganin hydroxyurea da ke rage yawan tashin ciwon, amma ana shansa ne da kulawar likita da gwajin jini a kai a kai.