Ƙuda Mai Doro: Asalinsa da Yaɗuwarsa a Duniya

Duk wanda ya taɓa ratsa Ojota a Legas ya san warin jujin Olusosun. Haka 'yan'uwanmu masu sayar da tumatir a kasuwar Mile 12 da mahautan Oko-Oba a Agege, kullum cikin fama da ƙudaje suke. Sai dai idan mai karatu ya tsura wa ruɓaɓɓen kayan gwari ido, zai iya ganin wani ɗan mitsitsin ƙuda, bai fi milimita 2 zuwa 3 ba, mai launin ƙasa-ƙasa da rawaya. Ƙirjinsa a tanƙware yake kamar mai doro. Ko an kora shi ba ya saurin tashi, sai ya sheƙa a guje, ya tsaya cak, ya sake zabura.

Bahaushe ya ba tsando da bobuwa suna domin cizonsu, amma wannan da ba ya cizo sai aka bar shi cikin tarin ƙudaje. Masana kimiyyar ƙwari kuwa suna kiransa Megaselia scalaris. Yana cikin rukunin Diptera, wato ƙwari masu fiffike biyu, inda sauro da ƙudan gida suke. A cikin rukunin, danginsa su ne Phoridae, masu nau'i kimanin 4,000. Wani Bajamushe, Hermann Loew, shi ya fara bayyana shi a 1866 da sunan Phora scalaris, daga samfurin da aka samo a Kuba. Daga baya aka mayar da shi gidan Megaselia, sunan da Camillo Rondani ɗan Italiya ya raɗa tun 1856.

Gidan nan babba ne, nau'o'insa sun haura 1,500, kuma sun yi kama da juna ƙwarai. Sau da yawa sai an sa namijin a ƙarƙashin madubin ƙara girma an duba al'aurarsa kafin a tabbatar da ko wane ne. A 2015 an bayyana sababbin nau'i 30 na Megaselia daga birnin Los Angeles kaɗai. To ina ga Legas, mai zafi da laima duk shekara? A ganina, ga aiki nan jibge yana jiran ɗalibanmu na kimiyya.

Dangane da yaɗuwa, ƙudan ya fi son ƙasashe masu ɗumi, don haka ana samunsa a Afirka da kudancin Asiya da nahiyar Amurka. Jiragen ruwa na fatauci suka kai shi Turai, inda yakan fake cikin gine-gine masu ɗumi lokacin hunturu. Sirrinsa shi ne tsutsarsa ba ta zaɓen abinci: ruɓaɓɓen 'ya'yan itace, mushe, kashi, har man goge takalmi an taɓa samun ta tana ci. Daga ƙwai zuwa cikakken ƙuda kimanin mako uku ne a wuri mai zafi, saboda haka kwandon da ya taso daga Kano na iya sauka Legas da fasinjojin da direba bai sani ba.

Ƙanƙantarsa ta sa yakan kutsa inda babban ƙuda ba ya iyawa. Yakan yi ƙwai a gyambon da ba a rufe da kyau ba, tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki, abin da ya kamata mahauci ko ɗan dako mai rauni a ƙafa ya kiyaye. Yakan kai ga gawar da aka binne ko aka kulle a ɗaki, shi ya sa masu binciken kisan kai ke duba girman tsutsarsa domin ƙiyasta kwanakin da mamaci ya yi da rasuwa.