Asu, Sheƙar Tsuntsu da Akwatin Uwargida

 

Yau ina so in kin fito tsakar gida ki ɗaga kai ki dubi sama. Ƙarƙashin kwanon ɗakinki, ko gefen indararo, ko wata kafa a jikin bango, da wuya a rasa sheƙar tsuntsu. Wata ta kurciya ce, wata ta tsattsewa, wata kuma ta tattabarun da yara suke kiwo. To, sheƙar nan ba tsuntsun kaɗai ne a ciki ba. Akwai ƙwari iri-iri da suke zaune tare da shi, kuma wasunsu daga can suke saukowa su shiga akwatinki ko shimfiɗar yaranki.

Me suke nema a sheƙa? Abinci da ɗumi da duhu. Akwai gashin da tsuntsu yake zubarwa, da ɓarɓashin fatarsa, da kashinsa, da ɓawon ƙwai, wani lokacin har da ɗan da ya mutu ya bushe.

Mu fara da asu. Ba ɗan ƙwaron nan mai sulɓi da yake cin takarda nake nufi ba, ko da yake wasu shi ma asu suke ce masa. Ina nufin ɗan ƙaramin nan mai fiffike, dangin malam-buɗe-littafi, wanda tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba, launinsa kamar na busasshiyar ciyawa. Ba ya zuwa wurin fitila kamar 'yan'uwansa, duhu ya fi so. Kuma abin da mata da yawa ba su sani ba, wannan da kike gani yana tashi ba ya cin komai, bakinsa ma bai ginu don ci ba. Aikinsa ƙwai kawai. Macen takan zuba kamar 40 zuwa 50 a jikin abin da 'ya'yanta za su ci, in akwai ɗumi su ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 10. Tsutsar da ta fito, fara mai duhun kai, ita ce mai ɓarnar. Takan yi wata ɗaya ko biyu tana ci, in yanayi bai yi mata daɗi ba kuma ta ja har shekara biyu kafin ta zama mai fiffike.

Abincinta wani sinadari ne da masana suke kira keratin, wanda da shi aka yi gashin tsuntsu da gashin dabba da farce da ƙaho. Halittun da cikinsu yake iya narkar da shi kaɗan ne ƙwarai, dangin asu suna ciki. Tun kafin ɗan Adam ya san saƙa, danginsu a sheƙar tsuntsaye da ramukan dabbobi da busasshen mushe suke rayuwa. Da muka fara tara ulu a ɗaki sai suka biyo mu. Shi ya sa za ki ga ɓarnar ta fi yawa a bargon ulu, da suwaitar da aka ajiye tun wucewar sanyi, da dardumar ulu, da buzun maigida, da mafici na gashin jimina. Atamfa da shadda kuwa auduga ne, ba su dame shi ba, sai fa in an ninke su da gumi ko maiƙon miya a jiki. Wato dai kayan da aka sa sau ɗaya a biki aka mayar akwati ba wanki, su ne suke gayyato shi.

Wani irin asun, wanda aka fi samu a sheƙa, tsutsarsa takan saƙa wa kanta ɗan kube tana yawo da shi. Kin san abin nan mai kama da ƙwayar agushi da yake manne a bango, in kin zuba masa ido ki ga ɗan kai ya leƙo yana jan sa? Ɗan'uwansa ne, shi yanar gizo-gizo da gashi ya fi ci.

Bayan asu akwai wasu ƙananan buzuzu da tsutsarsu take da gashi-gashi. Su ma gashi da fata suke ci, kuma danginsu ne suke ɓata mana bandar kifi da fatu.

Waɗanda suka fi damuna kuwa su ne masu shan jini. A sheƙar tattabaru da akurkin kaji akwai wasu 'yan mitsi-mitsi, ba su fi ɗigon biro ba, in sun sha jini sai su yi ja. Wani irinsu da rana yana ɓoye a tsagar bango da katako, da dare ya fito, kuma yana iya yin watanni bai ci ba. Akwai kaskar kaji, wadda ita har shekaru takan yi a tsagar bango tana jira, tana kuma sa wa kaji ciwo. Akwai ƙumar nan da take manne wa kaza a gefen ido da tukku, wadda in kin shafa mata basilin take mutuwa. Muddin tsuntsu yana nan, da shi suke yi. Ranar da 'ya'yan suka tashi aka bar sheƙa fayau, sai yunwa ta koro su, su biyo bango ko su zubo ta silin. Nan ne za ki ga yara sun kwana suna susa, ga ƙuraje, kin duba katifa ba kuɗin cizo, kin sa gidan sauro ba sauƙi. Ba sa iya zama a jikin mutum su hayayyafa, amma cizon yana hana barci. In haka ta faru, a duba saman ɗakin.

Su ma tsuntsayen ba su zauna haka ba. A Indiya an lura da wasu ƙananan tsuntsayen gida suna kai ɗanyen ganyen darbejiya sheƙarsu. A birnin Meziko kuma, a shekarar 2012, masu bincike sun gano tsuntsaye suna shimfiɗa audugar guntun sigari a sheƙa, kuma sheƙar da ta fi yawan guntayen ta fi ƙarancin masu shan jini, saboda dafin taba. Ikon Allah ke nan.

To yaya za a yi? Ni dai ban ga dalilin rushe sheƙa da ƙwai ko 'ya'ya a ciki ba. 'Yan makonni ne za su tashi. Da sun tashi, a sa maigida ko babban yaro ya cire ta. Ya ɗaure hanci da ƙyalle, ya yayyafa ruwa tukuna don kada ƙurar busasshen kashin ta shiga ƙirji, ya zuba a leda a kai waje a ƙone, sannan a toshe kafar. Ɗakin tattabaru da akurki su yi nesa da tagar ɗakin kwana, a riƙa sharewa, a liƙe tsagogin. In kaza ta gama kwanci, a ƙone shimfiɗar da ta kwanta a kai.

Kayan akwati kuwa, Allah ya ba mu rana. Ki wanke kafin ki ajiye, ki bari su bushe sarai. Duk bayan wata biyu ko uku ki fito da su ki shanya a rana mai zafi, ki kakkaɓe sosai, ki bi ninki da ɗinki da buroshi, don a nan ƙwan yake maƙalewa. Ki share ƙasan akwatin. Abin da guga za ta hau, ki goge. Busasshen ganyen darbejiya a tsakanin kaya yana taimakawa wajen kore su, amma ba zai kashe tsutsar da ta riga ta shiga ba.

Sai maganar kafur, don Allah a saurara. Farin ƙwallon nan da muke zubawa a akwati guba ne, yaro yana iya ɗauka ya haɗiye a zaton alewa. Ban da haka, akwai jarirai da yawa a ƙasarmu da ake haifa da wani rauni na gado a jini, wanda ba a gane shi da ido. Irin wannan jariri, ko warin kafur a zanen goyo ko rigarsa yana iya farfasa masa ƙwayoyin jini, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan kafur tun 2008. Kayan jariri kada kafur ya kusance su. In kayan gado ne da suka daɗe a akwati mai kafur, a wanke a shanya har warin ya fita gaba ɗaya kafin a sa masa. Haka fiya-fiya da sauran magungunan gona, kada a fesa su a kan tufafi ko katifa, ko a ɗakin da yara za su kwana. In kin ga idon jariri ko jikinsa ya yi ɗorawa, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.