Minakari

Minakari sana'a ce ta yi wa ƙarfe ado da launuka, inda ake zana furanni da tsuntsaye da dabbobi a jikin zinariya ko azurfa ko jan ƙarfe, a cike zanen da garin gilashi mai launi, sannan a gasa shi a wuta har ya narke ya manne da ƙarfen. An fi sanin ta a arewacin Indiya, musamman a jihohin Rajastan da Uttar Pradesh, da kuma ƙasar Iran. Ana yin ta a kan kayan ado na mata da kayan amfanin gida, irin su faranti, kwano, kofi, cokali da ƙananan akwatuna. Sunan ya fito daga harshen Farisa: mina shi ne gilashin da ake narkarwa, mai aikin kuma ana ce masa minakar. Wanda ya san kwanon samira ko langa ya riga ya san tushen abin, domin su ma gilashi ne aka narkar a kan ƙarfe, sai dai su na masana'anta ne, minakari kuwa aikin hannu ne.

Tarihi

Sana'ar ta bunƙasa a Indiya a zamanin daular Mughal. Littafin Ain-i-Akbari, wanda Abul Fazl ya rubuta game da mulkin sarki Akbar (1556 zuwa 1605), ya ambaci minakar a cikin masu sana'ar da ke aiki da zinariya da azurfa. Labarin da aka fi bayarwa a Rajastan shi ne cewa Raja Man Singh na ɗaya, sarkin Amber kuma ɗaya daga cikin manyan kwamandojin Akbar, shi ya ɗauko gwanayen aikin daga Lahore ya zaunar da su a garinsa a ƙarni na 16. Da Sawai Jai Singh na biyu ya kafa birnin Jaipur a 1727, fada ta koma can, masu sana'a suka bi ta. Har yau Jaipur ce ake ɗauka babbar cibiyar minakari a ƙasar.

A wancan lokaci sarakuna da attajirai ne masu sayen kayan. An yi wa ƙotar takobi da ta wuƙa wannan ado, da gindin tukunyar shisha, da kwalbar yayyafa ruwan wardi, da akwatin ajiye ganyen pan, wanda ake miƙa wa baƙo kamar yadda ake miƙa goro.

Yadda ake yi

Ba mutum ɗaya ke gama aikin ba, abu ɗaya yakan bi ta hannaye da yawa kafin ya kai kasuwa. Mai zane ne yake fara fitar da fasalin. Maƙerin fari ya ƙera kwanon ko akwatin, sannan mai sassaƙa ya bi zanen da ƙaramin kurfi yana ƙwaƙule ƙarfen, yana barin siraran layuka a tsaye tsakanin rami da rami. Waɗannan layukan su ne ke hana launi shiga cikin launi idan wuta ta narkar da su. Yakan kuma yi ƙananan zane-zane a ƙasan ramin, domin gilashin ya samu abin kamawa, haske kuma ya riƙa wasa a ƙarƙashinsa.

Daga nan aiki ya koma hannun minakar. Launukan suna zuwa masa ne a dunƙule kamar tsakuwa, sai ya niƙa su a ƙaramin turmi da ruwa har su yi laushi, ya wanke garin, ya riƙa ɗiba da bakin wani siririn ƙarfe yana cika ramukan. Launin yana fitowa ne daga sinadarin ƙarfen da aka haɗa da gilashin: kobal yana ba da shuɗi, jan ƙarfe yana ba da kore, zinariya kuma ita ke ba da wasu nau'o'in ja da ruwan hoda. Kafin a gasa, garin bai cika nuna ainihin launinsa ba, don haka sai wanda ya daɗe a sana'ar ke sanin abin da zai fito daga wuta.

Gashin ne wurin da gwaninta take. Zafin murhun yakan kai tsakanin digiri 750 zuwa 850, kuma kowane launi da irin zafin da yake iya ɗauka. Saboda haka ba a zuba su gaba ɗaya. Ana fara wa da wanda ya fi jure wuta, wato fari, a gasa, a fitar, a bar shi ya huce, a zuba na gaba. Ja ne na ƙarshe, domin shi ya fi saurin lalacewa. Abu mai launi biyar zai iya shiga wuta sau biyar ko fiye, kuma idan aka yi sakaci a shiga ta ƙarshe, aikin kwanaki ya tashi a banza. Bayan gashi ana wanke shi da ruwan tsamiya ko lemun tsami, a goge shi har ya yi sumul. Jan Jaipur mai zurfi, wanda ake hango ƙarfe ta cikinsa, shi ne abin da ake auna gwani da shi.

Ƙarfen ma yana da nasa hali. Zinariya tana karɓar kowane launi, azurfa kuwa ta fi dacewa da shuɗi da kore, shi ya sa kayan azurfa na Lucknow suka yi suna da waɗannan launuka biyu. A sarƙoƙin amare da ake kira kundan, duwatsu masu daraja ne a gaba, minakari kuma a baya, ɓangaren da ke taɓa jiki, wanda sau da yawa mai sarƙar kaɗai ke ganinsa.

Salo da garuruwa

Masu sana'ar suna rarrabe aikin da sunaye. Ek rang khula shi ne mai launi ɗaya garai-garai, pachrangi mai launi biyar. Bikaner da Nathdwara da Udaipur duk suna da nasu masu aikin. Ɗawisu, aku, giwa da furen bado su ne suka fi yawa a zanen.

Na birnin Varanasi, wanda ake kira gulabi minakari, shi ya fi kusa da fenti na gaske. A can ana fara shimfiɗa farin gilashi a gasa, sannan a zana furanni a kansa da buroshi da launin ruwan hoda, a bar shi ya yi duhu a wani gefen ganyen fure ya yi haske a wani. A 2015 gwamnatin Indiya ta yi masa rajistar alamar asalin wuri, wadda ke nufin ba a yarda a sayar da aikin wani gari da wannan suna ba. A taron ƙasashen G7 na 2022 a Jamus, firaminista Narendra Modi ya ba shugaban Amurka Joe Biden kyautar kayan wannan salo.

Na gaske da kwaikwayo

Yawancin farantai da kwanonin da ake sayarwa yau da sunan minakari ba su taɓa shiga murhu ba. Tsadar zinariya da azurfa da yawan kwanakin da aikin ke ci sun sa an koma ga tagulla da alminiyam da ƙarfen da ba ya tsatsa, ana cike zanen da fentin roba mai bushewa da kansa. Yana da araha kuma yana da kyan gani, amma yana kojewa, yana dushewa a rana, kuma masu aikin wuta ba sa iya gasa da farashinsa. Gilashin da aka gasa yana da tauri da sanyi a hannu, farce ba ya yi masa komai.

Akwai wasu sana'o'i biyu da ake yawan rikita su da minakari. A Moradabad, garin da ya shahara da aikin tagulla, ana sassaƙa tire da tulun fure a cike zanen da lak, wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa, wanda ɗan zafi kaɗan ke narkar da shi. A Odisha da Bihar kuma masu zanen gargajiya na pattachitra da madhubani, waɗanda asali a kan ƙyalle da bango suke aiki, sun fara zana butar shayi da bokiti na alminiyam da fentin zamani. Irin wannan buta ta ado ce kawai, ba a ɗora ta a kan wuta.